Layi Takwas a Bayan Sito

Da hantsin ranar Laraba aka fito da gawar Malam Hammadu daga siton ƙungiyar manoma, a wani ƙauye da ke gefen Kibiya. Maza biyu ne suka naɗe hancinsu da rawani suka jawo shi waje, su ma da suka fito sai da suka durƙusa suna amai. Tsintsiya na riƙe a hannunsa. Shara ya shiga yi, kamar yadda mai gadi yake yi idan za a kwashi kaya.

Kwana uku kacal da aka zuba wa masarar da ke ciki ƙwayar maganin ƙwari, wadda manoma ke kira bom, aka garƙame ƙofa. Gubarta sai ta haura mako ba ta fita ba. Saboda haka ne ma ƙungiya ta sa aka kafa wani akwati can sama a jikin bango, mai shaƙar iskar ciki. In akwai guba aka taɓa ƙofa, jiniya za ta ɗauki kuka har sai an jiyo ta a kasuwa. Ran nan ko tari ba ta yi ba.

Kafin a kai shi makwancinsa gari ya rabu biyu. Wasu suka ce laifin Sadisu ne, saurayin nan na Rano da ya rubuta manhajar akwatin, wanda kuma aka sa ranar aurensa da Ikilima, 'yar mamacin. Abokin aikinsa Jabiru ne ya buɗe wa Sufeton 'yan sanda kwamfutar ofis yana hawaye, aka ga sunan Sadisu a kan gyara na ƙarshe da aka yi wa manhajar, nan take aka tafi da shi. Wasu kuwa suka rantse sammu ne, don an ga zane a ƙasa a bayan sito, irin na masu bugun ƙasa.

Dagaci ya aika a kira Mato mai bin sawu.

Mato tsoho ne siriri, ba ya son magana, idonsa kullum a ƙasa. Shekara arba'in yana bin ɓarayin shanu daga dajin Rurum har iyakar Kaduna. Tare aka yi musu kaciya da Hammadu. Da ya zo bai yi wa kowa gaisuwa ba, ya ce dai a janye mutane daga bayan sito, ya zagaya shi kaɗai.

Lungu ne tsakanin bango da shingen ƙaya, da bishiyar darbejiya guda. Ya daɗe a tsugune. Ya ga ramuka biyu inda ƙafafun tsani suka nutse, daidai ƙarƙashin akwatin. Ya ga zanen: layi takwas, kowane da alama uku, wasu tsaye kamar alif, wasu kewayayyu. An goge rabinsu da ƙafa, amma layi ɗaya an zagaye shi da tsinke har ƙasa ta tsage. A gindin bishiyar kuma akwai inda ruwa ya zuba a kan yumɓu ya bushe. Nan Mato ya fi daɗewa. Daga ƙarshe ya aiki wata mata ta kawo masa ƙwarya, ya kife a wurin, ya ɗora dutse.

"Me ka gani?" in ji Dagaci.

"Ranka ya daɗe, kaji sun taka wurin safiya biyu. Aikin ranar Litinin ne."

*

Wanda ake zargi da sammun shi ne Malam Bappa, mai makarantar allo a bakin rafi, saboda sun taɓa yin cacar baki da Hammadu a kan awaki. Har wasu sun fara cewa a kira 'yan Hisba. Mato ya same shi a zaure yana feƙe alƙalami.

"Kai ma ka zo ka ce na kashe shi?"

"Na zo ka tashi ka duba min wani abu."

Malam ya bi shi ta bayan gari don kada a gan su. Ya sunkuya a kan zanen ya girgiza kai.

"Ban taɓa buga ƙasa ba, Allah shaida ne, amma na zauna da masu yi a yawon karatu. Ɗigo suke yi, kuma hurhuɗu suke tafiya. Ba su da wannan kewayayyen, ba su da uku-uku. Wannan lissafin 'yan boko ne, Mato. Ka nemi ɗan boko."

*

Washegari da safe Mato ya sa aka kira masa Ikilima daga cikin gidan makoki. Ta fito cikin hijabi ruwan toka, idanunta sun kumbura har sun ƙanƙance. Ita ce mai gwada manhaja a ɗan ofishin nan na Rano, kuma ita ta samo wa mahaifinta aikin gadin. Tun jiya ba ta haɗiyi komai ba sai wannan tunanin.

"Baba Mato, ni na ce masa ya yarda da akwatin nan," ta ce. "Na ce masa, Baba, in ka ji ta yi shiru, ni ce na ce maka ka shiga. Dariya ya yi. Kuma ka san ba ya jin wari, taba gari ta kashe masa hanci."

"Na sani. Zo ki ga wani abu, in kin iya."

Tana ganin zanen ta ja da baya ta dafe bango.

"Wa ya yi wannan?"

"Ke zan tambaya ko mene ne."

Ta share fuska ta tsuguna, ta ɗauki tsinke. Ta ce akwatunansu iri uku ne: na gwaji da ke kan teburin ofis, na nuni da ake kai wa manoma su gani, da wanda ake kafawa a sito. Manhaja ɗaya ce, amma akwai wani injin haɗawa a cikin kwamfuta da ke harhaɗa wa kowane akwati tasa, bisa sharaɗin da aka rubuta masa. Tun da ba a son jiniya ta dinga kurmantar da mutane a ofis, sai aka rubuta: a cire jiniya idan akwati na gwaji ne KO na nuni, KUMA ba ya jikin sito.

"To ai daidai ne," in ji Mato. "Wannan yana jikin sito."

"Haka mutum yake ji, Baba. Inji ba haka yake ji ba. Shi duk inda ya ga KUMA, ita yake fara ɗaurewa kafin ya waiwayi KO. Sai ya ɗaure na nuni da maganar sito, ya bar na gwaji shi kaɗai. Wato in dai akwati na gwaji ne, a cire masa jiniya, ko a ina yake. Shi ya sa Sadisu ya sa baka biyu, alamar rubutun nan mai kama da bakan harbi, ya kewaye na gwaji da na nuni, don sharaɗin sito ya hau kansu tare."

Mato ya ce, yana kallon ƙasa:

"Shanu biyu a shinge ɗaya, igiya ɗaya ta riƙe ƙofa. An cire shinge, igiya ta kama ta kusa, ta nesa ta ɓalle."

"Haka ne. Jiya na sa an kawo min kwamfutata na duba. An cire bakan, kuma sai an hau tsani an jona waya a akwatin gyaran zai shiga." Ta nuna zanen da tsinken. "Tambaya uku ce, kowace e ko a'a, mai kama da alif e, kewayayye a'a, duk yadda ka juya su hali takwas ne. Ni na rubuta gwajin da ke bin takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma in ɗaya ya faɗi, injin ba ya yarda ya haɗa komai. An kashe gwajin. Da na kunna shi jiya, shida suka wuce, biyu suka faɗi. Wannan da aka zagaye yana cikin biyun: na gwaji ne, ba na nuni ba ne, yana jikin sito."

"Me ya kawo akwatin gwaji jikin sito?"

"Tsawa ta ƙona na asali da damina, muka ɗauko na kan tebur muka kafa."

"Su wa suka san haka?"

"Sadisu. Jabiru. Da ni."

"Uku ke nan, har da ke."

Ta ɗago ta dube shi kamar ya mare ta. Bai sauke ido ba, bai kuma ba ta haƙuri ba. Can ta ce a hankali, "Sunan da ke kan gyaran na Sadisu ne. Amma dukanmu da mabuɗin sirrinsa muke shiga, don shi ya buɗe mana shafin." Hawaye suka zubo mata. "Baba Mato, ina son in sani. Ko mene ne. Saura wata biyu a kai ni ɗakinsa. Ba zan iya dafa wa mutum abinci ina kallon hannunsa ina tunani ba."

*

Alhaji Nata'ala shi ne shugaban ƙungiyar, yana kuma neman kansila. Fostocinsa sun rufe bangon gidansa har kan tagogi. A ranar Alhamis ɗin nan ya shirya raba masara ga wakilan mazaɓa, domin ran Asabar za a yi zaɓen fitar da gwani. Mato ya same shi yana amsa waya biyu.

"Ni na ce wa marigayi ya gwada ƙofa, ban ɓoye ba," in ji Alhaji. "Na ce masa maganin bana mai saurin fita ne, in jiniya ta yi kuka ya rufe, in ta yi shiru iska ta shiga. Ina laifina? Kuɗi muka zuba a akwatin nan. Yaron da ya lalata shi yana hannu."

"Da ta yi kuka fa, Alhaji? Duk gari zai ji masarar da za ka raba da guba a jikinta."

"Ka zo bin sawu ne ko siyasa?"

Mato ya sauke idonsa ƙasa. Ƙafar Alhaji yake kallo a cikin silifas, mai faɗi, mai kaushi a dunduniya. Ya yi sallama ya hau babur zuwa ofishin 'yan sanda.

Sufeto ya san shi tun shari'o'in shanu, ya bar shi ya shiga. Sadisu na zaune a kan siminti, ba hula, ba takalmi, leɓɓansa sun bushe.

"Ran Litinin da yamma ina kake?"

"Ina ƙauyen Saji, ina duba wani akwati. Ni kaɗai na je, Baba, ba ni da shaida." Ya ɗago ya dubi Mato. "Ikilima ta ci abinci?"

"Ban sani ba. Layukan nan takwas, kana zana su kafin ka yi aiki?"

"Ni? Shekara biyu suna manne a bangon teburina, na haddace su kamar Fatiha. Mai zana su sai wanda bai tabbata ba." Ya matso jikin ƙarfen ƙofa. "Don Allah ka gaya min gaskiya. Ta yarda ni ne?"

Mato yana kallon simintin da saurayin ya taka. Sannan ya ce, "Gobe sadakar uku. Za a kawo ka."

*

Ran Juma'a, bayan an shafa addu'a an raba gumba, Dagaci ya ce mutum biyar su same shi a ƙofar gidansa: Alhaji Nata'ala, Malam Bappa, Jabiru, Ikilima, da Sadisu wanda Sufeto ya kawo da ankwa. Mato ne ya roƙi a jinkirta zaman har sai an kira La'asar. Aka fito da butoci, maza suka jeru a bakin dakali suka yi alwala a kan jar ƙasa, aka yi salla a nan zaure. Mato ne ya shigo ƙarshe, ɗauke da faifai da ƙwarya a kife.

Ikilima ta zauna daga bakin ƙofa. Ba ta dubi Sadisu ba, shi kuwa bai dubi kowa ba sai ita.

"Ranka ya daɗe, ni ban san kwamfuta ba," Mato ya fara. "Abu ɗaya na iya: in ga wace ƙafa ta hau kan wace, in san wa ya riga wa. Ran Litinin wani ya zo bayan sito da takalmi mai igiya. Ya tsuguna a gindin darbejiya ya ɗora wani abu mai nauyi a cinyarsa, don dugadugansa sun nutse. Bai tabbata da aikin da zai yi ba, sai ya ɗauki tsinke ya zana hali takwas, ya nemi wanda zai rufe bakin akwatin nan shi kaɗai. Malam Bappa ya fita daga ciki, bai san wannan lissafin ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam, ya rufe fuska da hannun riga.

"To ai Sadisu ke nan," Alhaji ya ce yana duba agogo. "Mun sani tun shekaranjiya."

"Ka bari in gama, Alhaji. Yana cikin haka aka kira La'asar. Na san La'asar ce don ya bi inuwa zuwa gabashin bishiya. Ya cire takalmi, ya yi alwala da butar Hammadu, ya goge zanen da ƙafarsa tana jiƙe. Sannan ya taka yumɓu."

Ya ɗaga ƙwaryar. A kan faifan akwai ɓangaren ƙasa da ya yanko da wuƙa, busasshe, da sawun ƙafar hagu a kai, fes kamar an buga hatimi. Babban yatsa, sai uku a bayansa. Inda ƙaramin ya kamata ya fito, ƙasa lafiya lau.

"Na duba ƙafar Alhaji, biyar. Na duba ta Sadisu a kan siminti, biyar. Ta yarinyar nan ba ta kai rabin wannan ba. Saura wanda ban taɓa ganinsa babu takalmi ba, sai yanzu a bakin dakali. Sufeto, sawun na nan bai bushe ba, na kife masa kwano."

Jabiru ya ja ƙafarsa ta hagu a hankali ya cusa ƙarƙashin rigarsa, kuma duk zauren ya ga lokacin da ya yi hakan.

"Babur ne ya cire min shi tun ina sakandare," ya ce, kamar tambayar da aka yi masa ke nan. Sai fuskarsa ta narke. "Kawu Alhaji ne ya ce kwana ɗaya kawai. Ya ce a buɗe da asuba iska ta shiga, a kwashe da rana, ran Juma'a in mayar da komai yadda yake. Wallahi ƙofa kawai aka ce Malam Hammadu zai buɗe. Ba a ce zai shiga ba. Ba a ce zai shiga ba, Ikilima!"

"Ƙarya yake yi!" Alhaji ya miƙe tsaye. "Ɗan ƙanwata ne, amma ban san shi ba a wannan maganar."

"Zauna, Alhaji," in ji Sufeto, ya zaro mabuɗin ankwa.

Ikilima ce ta yi magana. "Me ya sa ba ka yanke wayar jiniya kawai ba, Jabiru?"

Ya sunkuyar da kai. "Za a gane yankewa aka yi. Baka biyu kuwa, kowa zai ce mantuwa ce."

"Mantuwar wa?"

Duk ido ya koma kan Sadisu. Kowa ya ji ƙarar ankwa lokacin da ta bar hannun Sadisu.

Mato ya mayar da ƙwaryar. Sai a lokacin aka ga idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Abu ɗaya ya hana ni barci, ɗana. Na so a ce ka gama aikin ne sannan ka yi salla, in ce wataƙila gafara ka nema. Na koma sau uku ina dubawa. Ƙafar tsani ce ta hau kan inda ka sa goshi. Ka zana, ka yi alwala da butarsa, ka yi raka'a huɗu, sannan ka hau."

Jabiru ya kifa kansa a kan tabarma. Wannan karon kukan ba irin na ranar Laraba ba ne, kuma babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

*

Rana ta yi sanyi lokacin da suka isa bayan sito. Ikilima ta zauna a gindin darbejiya ta buɗe kwamfuta a cinyarta. Ta mayar da baka biyun. Ta kunna gwajin, ta zuba ido layukan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, har takwas, duk suka wuce. Sadisu ya riƙe wayar haɗi ya kafa ƙafa a tsani, sai ya tsaya ba tare da ya juyo ba.

"Kin zarge ni?"

Ta so ta ce a'a. Ta ji kalmar ta zo bakinta, mai sauƙi, mai daɗi.

"Kwana biyu," ta ce.

Ya gyaɗa kai, sannan ya hau.

Da ya sauko, Mato ya zagaya gaba, ya naɗe hancinsa da rawani, ya sa hannu ya taɓa ƙofar da abokinsa ya buɗe. Jiniya ta tsage da kuka. Tsuntsaye suka watse daga kan darbejiya, masu tumatir a kasuwa suka miƙe tsaye, mata a gidan makoki suka yi tsit da kwanukan gumba a hannu. Sadisu ya kai hannu zai kashe ta, Ikilima ta riƙe bakin rigarsa.

"Bar ta," ta ce. "Tun ran Laraba ya kamata ta yi."